Garmar Baba a Gaban Kwamfuta

Da sanyin safiyar wata Asabar cikin watan Disamba na isa tashar Ƙofar Ruwa a Kano, hazo ya rufe gari ruf. Jaka ɗaya ce a kafaɗata, sai wani ƙunshi da na naɗe a tsohon buhu. Yaron mota ya ɗaga ƙunshin ya ji nauyi, ya ce, "Baba, ƙarfe ne?" Na ce masa bakin garmar shanu ne. Shi ne na ƙarshe da mahaifina ya ƙera da hannunsa kafin idonsa ya yi rauni, kuma tun rasuwarsa yana jingine a bayan ƙofar ɗakina.

Gidanmu gidan ƙira ne. Na yi zuga ina yaro, na san zafin tartsatsi a ƙafa, amma boko ya ɗauke ni, na ƙare da koyar da aikin ƙarfe a wata makarantar koyon sana'a har na yi ritaya. Abin da ya tashe ni zuwa Katsina shi ne ɗan yayata. Yaron ya yi wata takwas a wata masana'anta a kudancin ƙasar Sin, ya dawo ya haɗa ɗan abin da ya tara da gudummawar dangi, ya sayo injin yankan ƙarfe da kwamfuta ke sarrafawa. Tun daga nan ba ya barin wayata ta huta: "Kawu, ku zo ku gani da idonku." Ni kuma na ce in dai zan je, to da garmar Baba zan je, in ga yadda injin zai yi da ita.

Hanya ba ta ba mu wahala ba. Bichi, Tsanyawa, Gidan Mutum Ɗaya, Kankiya, Charanci. Ko'ina an gama girbi, kara a tsibe a gonaki, amalanke na jan dammunan dawa zuwa gida. Kafin azahar mun shiga Katsina ta Ƙofar Ƙaura. Yaron na jirana da mashin. Ya durƙusa ya gaishe ni, "Kawu, kun sha hanya," ya karɓi ƙunshin ya ɗora a kan tanki. A gida Yaya ta tare ni da fura mai sanyi da tuwon dawa miyar kuka, muka taɓa zancen dangi da na waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Muna idar da salla yaron ya fara kallon agogo.

A hanyar shago ya bi da ni ta gefen kamfanin mulmula ƙarfe na Katsina, na ce ya ɗan tsaya. Na taɓa kawo ɗalibai nan yawon buɗe ido shekaru masu yawa da suka wuce. An gina shi a farkon shekarun 1980, zamanin Shagari, kamfanin Kobe Steel na Japan ne ya yi aikin, kuma ɗaya ne cikin uku, da na Jos da na Oshogbo. An tsara shi ya riƙa karɓar sandunan ƙarfe daga Aladja ta jihar Delta, ya gasa su, ya mulmule su su zama rodi da waya, har tan 210,000 a shekara. Na tsaya ne don in nuna wa yaron wani abu da nake gaya wa ɗalibai. Wannan irin masana'anta kamar jirgin ƙasa take: tana ɗaukar kaya mai yawa, tana da ƙarfi, amma inda aka shimfiɗa mata dogo nan take bi. Ba za ka zo mata da safe ka ce yau fartanya nake so ba. Haka manyan masana'antun duniya suka faro. Kamfanin Ford a Amurka ya kafa layin haɗa mota mai tafiya a 1913, ya fitar da mota iri ɗaya fiye da miliyan 15, amma da ya tashi sauya samfuri a 1927 sai da ya rufe masana'antar wajen rabin shekara ana tuge injuna ana kafa wasu. Mahaifina kuwa yakan ƙera lauje da safe, wuƙa da hantsi, linzamin doki da yamma, da uwar maƙera ɗaya da masaba ɗaya. Matsalarsa ita ce jinkiri da gajiyar damtse. Shekaru da yawa masu ƙere-ƙere suna neman yadda za a haɗa saurin wancan da sauƙin juyawar wannan, kuma abin da na zo gani a shagon yaron wani yanki ne na amsar da suka samu.

Shagon rumfa ce babba ta kwano, an kewaye ta da bulo, a layin masu walda. Injin da kansa tebur ne na ƙarfe mai tsawon kamu shida ko fiye, an girka masa gada da ke tafiya gaba da baya a kan dogo biyu, a jikin gadar kuma akwai kan wuta da ke zirga-zirga hagu da dama, yana hawa yana sauka. Masu sana'ar suna ce masa si-en-si. A gefe ga tukunyar iska tana huci, ga akwatin kwamfuta an lulluɓe shi da zane saboda ƙura. A jingine da bango na ga ƙyauren gida mai zanen dagi, da allon sunan wata makarantar Islamiyya da aka huda haruffansa na Larabci a jikin ƙarfe, da fayafayen murhun gawayi sun kai hamsin, da wasu ƙananan ƙarafa masu huji huɗu da wani mai injin casar shinkafa ya yi oda. Na tambaye shi a kwana nawa ya yi waɗannan duka. Ya ce, "Tun shekaranjiya, Kawu. Ba abin da na kwance a jikin injin. Zanen kawai nake canza mashi."

Ya kwance buhun. Ya daɗe yana juya garmar a hannu, don bai taɓa ganin kakan nasa yana aiki ba. Daga nan ya ɗauko kwali ya lanƙwasa shi a jikin ƙarfen, ya zana iyakarsa da fensir, ya yanke, ya shimfiɗe, saboda injin shimfiɗaɗɗen ƙarfe yake yanka, lanƙwasa aikin wani ne. Ya auna kwalin gaba da baya, ya zauna gaban kwamfuta ya zana siffar layi bayan layi. Da ya gama sai manhajar ta mayar da zanen jerin umarni, ya juyo mini da fuskar kwamfutar. Na ga G00, na ga G01, na ga G02 da G03, kowanne da lambobinsa a gaba. Na san su sarai: na farko yana cewa ruga zuwa wuri kaza ba tare da yanka ba, na biyu yanka a miƙe, sauran biyun yanka a zagaye, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu. Shekaru na yi ina rubuta waɗannan a allo da alli, ina gaya wa yara cewa a 1952 ne aka nuna injin sassaƙar ƙarfe na farko mai bin lambobi a jami'ar MIT ta Amurka, yana karanta umarni daga dogon zaren takarda mai huji-huji. Makarantarmu ba ta da injin, don haka ɗalibaina suka haddace suka wuce ba su ga ya motsa ba. Abin ya tsaya mini a rai a wannan lokacin, har na ɗan yi shiru.

Yara biyu suka ɗora farantin ƙarfe mai kaurin milimita 4. Yaron ya miƙo mini baƙin tabarau, ya danna. Kan wutar ya sauko ya taɓa ƙarfen don ya san tsayinsa, ya ɗan ɗaga, sai wani haske shuɗi ya tsarge, tartsatsi na zuba ƙasa. Iska ce da aka matse ake tura wa lantarki har ta yi zafin da ke narkar da ƙarfe, ta kuma hure narkakken ta ƙasa. Ya yi fiffike ɗaya, ya juyo kan na biyu, sai ɗif, aka ɗauke wuta. Kwamfutar ba ta mutu ba, don tana kan batirin sola, amma wutar yankan da tukunyar iska sun fi ƙarfin batirin. Aka tada janareta, aka mayar da kan injin mafarinsa, yaron ya nemo layin da aka tsaya ya ci gaba. Inda aka katse ya bar ɗan tabo. Ya ce mini rabin ribarsa a man janareta take tafiya, kuma duk safiya sai ya goge dogon injin da tsumma saboda ƙurar hunturu, ya kuma zubar da ruwan da ya taru a tukunyar iska, don in danshi ya bi iskar yana cinye bakin wutar. Karo na biyu, ba tsayawa, bai fi minti ɗaya da rabi ba siffar garmar Baba ta faɗo. Na tuna yadda mahaifina da yaransa biyu kan kwashe hantsi guda suna saran irin wannan da kurfi da masaba daga jikin tsohuwar mota.

Da daddare muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, muka ja bargo, ya nuna mini hotunan bidiyon da ya ɗauka a masana'antar da ya zauna. Injunan da ya fara nuna mini, mu a Hausa mutum-mutumi muke ce musu, kuma sunan yana ruɗar mutane, su zaci wani abu ne mai kai da ƙafa. Wanda ke aiki a masana'anta hannu ne kawai, an dasa shi a ƙasa, yawanci da gaɓoɓi shida, kamar kafaɗa da gwiwar hannu da wuyan hannu, kowace gaɓa da motarta. A bakinsa ake ɗaura abin aiki: yau na walda, gobe na fenti, jibi yatsun ɗaukar kaya. Ana koya masa aiki da wani allo mai maɓallai da ake riƙewa a hannu. Ma'aikaci ya kai shi wuri ya ce riƙe nan, ya kai shi wani ya ce riƙe nan, daga nan ya yi ta maimaitawa dare da rana, kuskurensa bai kai kaurin gashi ba. A bidiyon na ga injunan sassaƙa guda takwas a jere, kowanne da rumbun kayan aikinsa da yake sauyawa da kansa cikin daƙiƙoƙi, ga ƙananan kuraye marasa direba suna kai musu ƙarfe a kan faifai, kowane faifai da lambarsa. Kwamfuta ɗaya ce ke karanta lambar, ta san wannan kayan famfo ne, wancan na babur, ta aika kowanne ga injin da ba ya aiki tare da umarnin da ya dace da shi. Kaya iri goma suna bin layi ɗaya a yini ɗaya. Wannan shi ne tsarin ƙira mai sauƙin sauyawa, wanda wani injiniyan kamfanin Molins a Ingila ya fara zayyana irinsa tun shekarun 1960.

Hannun farko da ya shiga masana'anta shi ne Unimate, a 1961, a wani reshen kamfanin mota na General Motors da ke jihar Niyu Jazi ta Amurka, kuma aikin da aka ba shi shi ne ɗauko ƙarfe mai zafi daga injin zubi, aikin da ke ƙona mutane. George Devol ne ya ƙirƙiro shi, Joseph Engelberger ya tallata shi, Kawasaki na Japan ya sayi izinin ƙera shi kafin ƙarshen shekarun 1960, daga nan Japanawa suka wuce gaba. Ƙungiyar masu mutum-mutumi ta duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 akwai fiye da miliyan 4 da ke aiki a masana'antu, an girka sababbi sama da 500,000 a shekarar kaɗai, fiye da rabinsu a ƙasar Sin. A Koriya ta Kudu kuwa, a shekarar, akwai sama da 1,000 ga kowane ma'aikatan masana'antu 10,000.

A nan muka yi gardama, kuma ta yi zafi. Yaron yana mafarkin ya sayo hannun walda ko da na hannu ne. Na ce masa Koriya da Japan haihuwa ta ragu, ma'aikaci ya yi tsada, shi ya sa suke dasa hannun ƙarfe. Mu da muke da matasa cike da kowace majalisa suna neman abin yi, hannu ne ya yi mana kaɗan? Abin da muka rasa shi ne daidaito. Mai walda a layinsu zai yi maka ƙyaure goma, babu biyu da suka zo ɗaya. Injin niƙa zai tsaya mako biyu saboda ƙarfe ɗaya mai haƙora da ba a samu ba sai daga Legas. Injin da zai yanka guda ashirin yau daidai wa daida, gobe ya juya ya yanka wani abu dabam, shi ne ya dace da kasuwarmu, inda ba wanda ke odar dubu ɗari na abu guda. Ya ce, "To Kawu, masu ɗinkin hannu fa?" Ya faɗi gaskiya. Kusa da shagonsa akwai mai injin surfani na kwamfuta mai kai shida, yana fitar da wuyan kaftani shida a lokaci ɗaya, kuma na san tsofaffin da allura ce ta ciyar da gidajensu, yanzu aikin ya ja baya a hannunsu. Ban da amsar da za ta share wannan, kuma ba na jin daɗin masu maganar ci gaba da ke tsallake shi kamar ba mutane ba ne. Muka kwana a kan haka.

Washegari, bayan mun leƙa hasumiyar Gobarau don na daɗe ban ganta ba, muka kama hanyar Daura da garma biyu, ta Baba da sabuwa, da kwamfutar yaron a jaka. Ta Mashi da Shargalle muka bi, tafiyar kilomita 80 ko kusa da haka. A wurare muna hango aikin layin dogon da zai tashi daga Kano ya bi ta Daura da Katsina zuwa Maraɗi. Ƙasar tana ƙara fari tana ƙara yashi. A Daura mun tsaya a rijiyar Kusugu, mun sha ruwa, muka wuce unguwar da nake nema.

Akwai wani dattijo a can da ya koyi ƙira a hannun mahaifina tun ina goye, ya koma garinsu ya kafa tasa maƙerar. Muka same shi zaune a kan buzu, jikansa na zuga. Da ya gane ni sai ya ajiye awartaki ya riƙe hannuna da hannu biyu, "Ɗan maigida, kai ne? Ina Yayarka?" Na kwance buhun. Bai tambayi ko ta wane ne ba. Ya shafa bayan garmar da babban yatsa, ya ce, "Allah ya jiƙan maigida. Ka ga nan? Shi kaɗai ke barin wannan ƙashin bayan da kauri."

Sannan yaron ya durƙusa ya miƙa masa sabuwar. Dattijon ya ɗora ta a kan tsohuwar, ya duba ta rana, ya bi gefenta da farce ya kankare ɗan kashin ƙarfen da wuta ta bari. Ya ƙwanƙwasa ta da masaba ya saurara. Ya ce yankan ya yi kyau, ko shi ba zai fitar da fiffike biyu su zo daidai haka ba. Amma ƙarfen ya yi laushi. Wannan na ƙyaure ne, damina ɗaya yashi zai cinye shi, sai a nemo mai tauri wanda zai karɓi shayarwa, wato a gasa shi ya yi ja a tsoma a ruwa ko mai don ya ƙara tauri. Na biyu kuma, wannan garmar ƙasar Kano ce. "Mu nan rairayi ne. In fiffiken bai buɗe ba, kunya ba ta tsayawa, tana tashi tana rushewa. A ƙara yatsa biyu kowane gefe, a rage tsinin baki, hujin nan kuma a sauko da shi, namu masu shanun ba haka suke ɗaurawa ba."

Yaron ya ce, "Baba, ku ara mani hannunku." Ya haɗa yatsun dattijon biyu ya auna da ma'auni, milimita 38. Ya buɗe kwamfutar a kan gwiwarsa, nan kan tabarma, kusa da tulin gawayi, ya ja layin fiffiken ya faɗaɗa, ya sauko da hujin, ya juya masa fuskar. Dattijon ya matso da ido, ya sa yatsa a gilashin ya ce a ɗan zagaye wannan kusurwar. Aka zagaye. Duka bai kai minti goma ba. Ya tambaya, in an yanka guda talatin duka haka za su fito? Yaron ya ce ƙwarai. In kuma mutanen Mai'aduwa suka ce tasu dabam ce? Ya ce sai a sake zane, a ajiye kowanne da sunansa.

Dattijon ya yi shiru yana lissafi. Ya gaya mini cewa yaransa uku sun bar maƙera sun koma tuƙa keke mai ƙafa uku, kuma ba zugar ce ta kore su ba, saran ƙarfe ne da ke tsinka ƙirji. Duk gabanin damina yakan mayar da manoma saboda ba zai iya fitar da abin da suke nema ba. In yanka ya sauka daga wuyansa, lanƙwasa da kaifi da shayarwa suna hannunsa, kuma waɗannan babu mai yi masa su. Suka yi ciniki a gabana, da ja-in-ja irin na kaka da jika, suka tsaya a kan talatin kafin watan azumi, za a riƙa sako su a motar Katsina. Yaron ya adana zanen, ya rubuta masa suna garmar Daura, a ƙarƙashin wanda ya rubuta wa garmar Kaka jiya.

Da za mu tashi dattijon ya riƙe garmar Baba bai sake ta ba. Ya ce in bar masa ita zuwa damina, yana so jikansa ya koyi ƙashin bayan nan daga jikinta. Na bar masa. Yaron ya kai ni tasha ya koma Katsina, ni kuma na hau motar Kano da jakata kaɗai. Mun wuce Kazaure kenan wayata ta yi ƙara. Ya ce ya samu wani dillali mai farantin ƙarfe mai tauri, zai gwada gobe, sannan ya ce, "Kawu, ta ƙasar Funtuwa fa, mai laka, yaya fiffikenta yake?" Na ce masa na san wani maƙeri a Bakori, zan je masa ranar Laraba da kwali da fensir.